Yadda Kwamfuta Ke Ƙera Ruwa: Daga Lissafin Injiniyoyin Gada Zuwa Ambaliyar Cikin Fim

A daren Lahadi, 2 ga Maris, 2025, a zauren Dolby da ke birnin Los Angeles na Amurka, aka sanar da cewa wani fim daga ƙasar Latbiya ne ya lashe kyautar Oscar a rukunin fina-finan zane masu motsi. Sunan fim ɗin Flow, kuma tun daga farkonsa har ƙarshensa babu kalma ko ɗaya da aka furta a ciki. Labari ne na wata kyanwa da ambaliya ta cinye dajin da take zaune, ta tsinci kanta a cikin wani jirgin ruwa tare da kare da wasu dabbobi, suna gararamba a kan ruwan da ya haɗiye bishiyoyi da gine-gine.

Wannan ce kyautar Oscar ta farko da Latbiya ta taɓa samu. Kuɗin da aka kashe wa fim ɗin bai wuce kimanin Yuro miliyan 3.5 ba, alhali cikin waɗanda ya kayar har da Inside Out 2 na kamfanin Pixar, wanda aka ruwaito ya laƙume kusan Dala miliyan 200. Daraktan fim ɗin, Gints Zilbalodis, da ƙaramar tawagarsa sun yi aikin ne da Blender, wata manhajar zanen 3D da kowa ke iya saukewa daga intanet kyauta, kuma ya bayyana cewa a kan kwamfutarsa ta kansa aka fitar da hotunan ƙarshe.

Ga waɗanda suka san sana'ar, abin mamakin shi ne batun da tawagar ta zaɓa. Ruwa ya daɗe yana cikin abubuwan da suka fi wuyar kwaikwaya da kwamfuta. A fim ɗin The Abyss na 1989, kamfanin Industrial Light & Magic ya shafe kimanin wata shida yana fama da daƙiƙa 75 kacal na wani ruwa mai siffar maciji, wanda ke miƙewa ya kwaikwayi fuskar mutum. Shekara 35 bayan haka, ga 'yan tsirarun mutane sun cika fim guda da ambaliya.

Tsakanin waɗannan fina-finai biyu akwai doguwar tafiya ta lissafi da dabara, da kuma rufa-ido da ake yi da gangan. Sanin yadda abin yake zai amfani mai kallon fim, zai kuma fi amfanar duk wanda ake zaunar da shi a ɗakin taro a nuna masa bidiyon madatsar ruwa ko magudanar da ba a kai ga ginawa ba, ana jiran ya sa hannu a takarda.

Abin da ya sa ruwa ke ba da wuya

Babu wanda ya taɓa ganin dodon da ake nunawa a fim, saboda haka duk yadda aka zana shi ido zai karɓa. Ruwa kuwa ɗan Adam ya san shi tun yana goye. Ya san yadda yake zuba daga buta, yadda yake kaɗawa a cikin bokiti idan an ɗauko shi daga famfo, da yadda yake fantsama idan mota ta taka kwatami. Ko da mai kallo ba zai iya faɗin inda kuskure yake ba, da zarar ruwan fim ya yi motsin da ba nasa ba, zuciyarsa za ta gaya masa akwai lauje cikin naɗi.

Kafin zuwan kwamfuta, masu shirya fim kan ƙera ƙaramin jirgi su sa shi a tanki su ɗauki hoto. Matsalar ita ce ana iya rage girman jirgi sau 20, amma ba a iya rage girman ɗigon ruwa. Idan igiya ta bugi ƙaramin jirgin, ɗigon da ya fantsama sai ya bayyana kamar tulu kusa da ma'aikatan jirgin. Dabarar da suka dogara da ita ita ce ɗaukar hoton da sauri fiye da kima, sannan a nuna shi a hankali domin ruwan ya yi kamar yana da nauyi. Masu hannu da shuni kuwa sukan bi ta wata hanyar: domin fim ɗin Titanic na 1997, an haƙa tanki mai cin galan miliyan 17 a Rosarito da ke gaɓar tekun Mekziko, aka gina jirgi kusan girman na asali a cikinsa.

Kwamfuta ta zo da tata matsalar. Mota ko kujera tana da siffa tsayayya, a zana ta sau ɗaya sannan a riƙa juya ta. Ruwa ba shi da siffar kansa. Yana rabuwa gida dubu ya sake haɗewa, yana haɗiye iska ya yi kumfa, ana ganin abin da ke cikinsa, yana kuma nuna abin da ke samansa kamar madubi. Fim na tafiya ne da hotuna 24 a kowace daƙiƙa, kuma a kowane hoto siffar ruwan ta sauya. Bin diddigin kowace ƙwayar halittarsa ba zai yiwu ba, domin yawan ƙwayoyin da ke cikin ɗigo ɗaya ya haura lamba 1 mai sifili 21 a gabanta. Duk ruwan kwamfuta, komai kyansa, kintace ne.

Lissafin ma'aikatan hanya da gada

Tushen wannan kintace ya girmi kwamfuta da fiye da ƙarni guda. A 1822, Claude-Louis Navier, injiniya a hukumar gina hanyoyi da gadoji ta gwamnatin Faransa, ya gabatar da ƙa'idojin lissafi da ke bayyana motsin abu mai ruwa-ruwa. A 1845 George Gabriel Stokes na Jami'ar Cambridge da ke Ingila ya sake fito da su a kan tushe mafi ƙwari. Da sunayen mutanen biyu ake kiran ƙa'idojin har yau.

Abin da suke cewa ba shi da sarƙaƙiya idan aka cire alamomin lissafi. A ɗauki ɗan guntun ruwa a tsakiyar kogi. Abubuwa huɗu ne ke yanke hukuncin inda zai nufa: gudun da yake da shi tun farko, nauyinsa da ke jan sa ƙasa, matsin da ruwan da ke kewaye da shi ke yi masa, da kuma kauri, wato abin da ya bambanta zubar ruwa da ta kunu ko zuma. Sai sharaɗi ɗaya da ke bisa duka: ruwa ba ya matsuwa. Duk abin da ya shiga wani wuri, dole kwatankwacinsa ya fita ko kuma ruwan ya hau sama.

Rubuta ƙa'idojin daban, warware su daban. A shekarar 2000, Cibiyar Lissafi ta Clay da ke Amurka ta ware matsaloli bakwai da suka gagari masana, ta sa ladar Dala miliyan 1 a kan kowacce. Ɗaya daga ciki ita ce a tabbatar ko ƙa'idojin Navier da Stokes suna da amsa lafiyayya a kowane hali. Wannan lada tana nan ba wanda ya karɓa.

Tunda amsar kai-tsaye ta faskara, sai aka koma ga bin matsalar taku-taku. A 1965, Francis Harlow da Eddie Welch, masu bincike a Los Alamos, cibiyar da Amurka ta ƙera bam ɗin nukiliya na farko, suka wallafa hanyar sa kwamfuta ta bi motsin ruwa mai buɗaɗɗen sama. Cikin misalan da suka gwada akwai ɓallewar madatsa: a tara ruwa a gefe guda na akwati, a zare katangar da ke riƙe da shi, a ga yadda zai kwarara. Har yau wannan na cikin gwaje-gwajen farko da ake yi wa sabuwar manhajar kwaikwayon ruwa.

Akwatuna da ƙwayoyi

Hanyoyi biyu ne manya. Ta farko ita ce a yanka sararin da ruwan zai gudana zuwa ƙananan akwatuna, kamar an jera bulo, kowane akwati ya riƙe bayanin gudun ruwa da matsinsa a wannan gurbi. A kowane taku na lokaci, kwamfuta ta lissafa abin da ya fita daga wannan akwati ya shiga maƙwabcinsa. Wannan hanya ta ƙware wajen kiyaye sharaɗin rashin matsuwa, sai dai takan ɓatar da ƙananan abubuwa: duk fantsamar da ba ta kai girman akwati ɗaya ba, ta ɓace ke nan.

Ta biyu ita ce a ɗauki ruwan a matsayin tarin ƙwayoyi, kamar an zuba gero, kowace ƙwaya na ɗauke da nauyinta da gudunta, tana turawa tana jan na kusa da ita. Masana taurari ne suka ƙirƙiro fitacciyar hanyar wannan salo a 1977, domin nazarin iskar gas da ke haɗa taurari. Tana ba da fantsama mai kyau, amma riƙe ruwa mai zurfi ba tare da ya yi tsalle-tsalle kamar roba ba yana yi mata wuya.

Masu fim sun fara cin moriyar wannan ilimi ne a tsakiyar shekarun 1990. Nick Foster da Dimitri Metaxas sun ɗauko hanyar Harlow suka shigar da ita zanen 3D a 1996, kuma Foster ne ya gina manhajar da aka yi ambaliyar da ta mamaye gidan tururuwa a fim ɗin Antz na 1998. Sai dai a wancan lokaci lissafin kan tarwatse idan aka faɗaɗa takun lokaci: lambobi su yi ta hauhawa har ruwan ya watse ya zama shirme. A 1999 Jos Stam ya gabatar da hanyar da ba ta tarwatsewa komai faɗin takun. Farashin da aka biya shi ne ruwan kan rasa wani ɓangare na kuzarinsa, juyawarsa ta mutu da wuri fiye da yadda take a zahiri. Masana'antar fim ta karɓi cinikin hannu bibbiyu, domin abin da take buƙata shi ne lissafin da zai kai ƙarshe kafin ranar miƙa aiki.

Hanyar da ta mamaye sana'ar a yau gamin-gambiza ce da ake kira FLIP. A Los Alamos aka fito da ita a 1986, sannan a 2005 Yongning Zhu da Robert Bridson na Jami'ar British Columbia da ke Kanada suka shigo da ita duniyar zane, a wani bincike da asalinsa kan kwararar yashi ne. Ƙwayoyi ne ke ɗaukar ruwan su yi tafiya da shi, akwatuna kuma su lissafa matsi su gyara wa ƙwayoyin hanya. A kan wannan tsari ruwan manhajar Houdini ta kamfanin SideFX na birnin Toronto yake, haka na Bifrost da ke cikin Maya, haka kuma injin Mantaflow da aka saka wa Blender a 2020.

A aikace, mai zane kan fara da kafa babban akwatin da ruwan ba zai fita daga cikinsa ba. Sai ya nuna mafitar ruwan, ya nuna abubuwan da za su tare shi, kamar dutse ko ƙafar gada, ya zaɓi yawan ƙananan akwatunan da za a yanka wurin. Daga nan ya bar kwamfuta ta lissafa hoto bayan hoto tana adanawa, aikin da 'yan sana'ar ke kira gashi, kamar na burodi. Idan gashi ya kammala, abin da ke hannu tarin ɗigo-ɗigo ne kawai, sai an sa wata dabarar ta lulluɓe su da fata guda mai santsi kafin su yi kama da ruwa.

A wajen zaɓen yawan akwatuna ne kuɗi ke shiga maganar. Wurin da aka yanka gida 100 a tsawo, 100 a faɗi, 100 a zurfi yana da akwatuna miliyan 1. Idan darakta ya ce yana son ruwan ya ninka kyau, aka mayar da kowane gefe 200, akwatunan sun zama miliyan 8. Tunda sun ƙanƙance, dole a rage takun lokaci da rabi, aikin ya tashi kusan ninki 16. Gashin da ya ci awa ɗaya jiya zai iya cin awa 16 yau, kuma idan aka ga igiyar ta faɗi inda ba a so, sai a sake daga farko.

Teku ba ya shiga akwati

Babu kwamfutar da za ta iya yanka tekun da ya kai iyakar gani zuwa akwatuna. Don haka aka nemo wata hanya dabam, wadda ba ta bin ruwan ko kaɗan, fatarsa ta sama kawai take kallo. Masana teku sun daɗe suna auna igiyoyi, sun kuma gano cewa saman teku tarin igiyoyi ne dubbai, manya da ƙanana, da ke hawa kan juna, kuma ƙarfin iska ne ke ƙayyade yawan kowane iri. Jerry Tessendorf, masanin kimiyyar fiziya, ya bayyana yadda za a ɗauki wannan ma'auni a haɗa igiyoyin gaba ɗaya cikin sauri da wata sananniyar dabarar lissafi ta Fourier. Da irin wannan hanya aka yi tekun fina-finan Waterworld na 1995 da Titanic, kuma a kanta aka gina na'urar yin teku da ke cikin Blender. Mai zane ya faɗi gudun iska da inda take fuskanta, teku ya bayyana.

Irin wannan teku ba shi da ciki. Shimfiɗa ce da ke hawa da sauka, ba ta iya naɗewa ta fashe a gaɓa, ba ta kuma san da jirgin da ke kanta ba. Saboda haka abin da mai kallo ke gani a matsayin teku guda, haɗin abubuwa ne da dama. Daga nesa shimfiɗar Tessendorf ce. Kewayen jirgi an yanka rami an dasa ruwan FLIP, an shafe gefensa don kada a ga ɗinki. A kan wannan kuma an zuba miliyoyin ƙananan ƙwayoyi kashi uku: feshin da ke tashi sama, kumfan da ke yawo a kan ruwa, da ƙwayoyin iska da ke nutsewa su taso. Kowane kashi da lissafinsa.

Haske ne rabin aikin

Ko motsi ya yi daidai, ruwan bai zama ruwa ba sai haske ya ratsa shi. Wannan mataki na ƙarshe ya yi kama da abin da masu hoto na da ke kira wankin hoto: kwamfuta ta harba layukan haske daga idon kyamara, ta bi kowanne ta ga inda ya buga da inda ya karkata, sannan ta ba kowane ɗigo na hoton launinsa.

Gudun haske a cikin ruwa kashi uku ne cikin huɗu na gudunsa a sarari, shi ya sa yake karkacewa idan ya shiga, har sandar da aka tsoma a rafi ta yi kamar ta karye. Ibn Sahl, masanin lissafi a Bagadaza, ya bayyana ƙa'idar wannan karkacewa wajen shekarar 984, fiye da shekara 600 kafin Willebrord Snell na ƙasar Holan ya sake gano ta a 1621. A manhajar zane, duk wannan ya taƙaita a lamba guda da ake rubutawa a wani gurbi: 1.33.

Abu na biyu ya fito ne daga Augustin Fresnel, shi ma injiniyan hukumar hanyoyi da gadoji ta Faransa. Wanda ya tsaya a bakin Tafkin Jabi da ke Abuja ya dubi ruwan da ke ƙarƙashin ƙafarsa, zai ga cikinsa, domin idan aka kalli ruwa tsaye daga sama, kimanin kashi 2 cikin 100 na haske ne kawai ke dawowa. Idan ya ɗaga kai ya hangi ɗaya gaɓar, ruwan ya koma madubi, sai gine-gine da sararin sama yake nunawa. Ruwan kwamfutar da ya rasa wannan sauyi yakan yi kama da leda ko narkakken ƙarfe.

Launi ma lissafa shi ake yi. Ruwa na shanye jan haske kafin shuɗi, don haka kofi ɗaya ba shi da launi amma teku mai zurfi shuɗi ne. Kogin da ya ɗauko laka kuwa, ƙurar da ke cikinsa ce ke watsa hasken ta mayar da shi ruwan ƙasa. Farin da ake gani a ƙasan magangarar Gurara ba launin ruwa ba ne, tarin ƙwayoyin iska ne da ɗigo-ɗigo da ke jefa haske ta ko'ina. Sai kuma zaren hasken nan da ke rawa a ƙasan wurin ninƙaya, wanda igiyoyi ke tarawa kamar gilashin ƙara girma. Lissafinsa na gaskiya yana da tsada ƙwarai, shi ya sa sau da yawa akan zana shi daban a haska shi a ƙasan ruwan kamar majigi.

Ruwan da ke bin umarnin darakta

A ƙarshe dai, wanda ruwan fim ke yi wa biyayya shi ne darakta. Idan labari na buƙatar igiya ta tashi a daidai lokacin da jarumi ya waiwayo, to sai ta tashi. Manhajojin suna ba mai zane damar rage nauyi, rage gudun lokaci, dasa wani ƙarfi da ba a gani wanda zai tura ruwa hagu ko dama, ko share fantsamar da ta rufe fuskar ɗan wasa. A fim ɗin Moana na 2016, kamfanin Disney ya gina manhajar ruwa tasa mai suna Splash, kuma tekun fim ɗin ɗan wasa ne da ke miƙewa tsaye ya yi mu'amala da jarumar.

Hatta waɗanda suka fi kowa neman kusantar zahiri suna tsayawa ne inda ido ya gamsu. Domin Avatar: The Way of Water na 2022, 'yan wasa sun koyi riƙe numfashi suka yi wasa a ƙarƙashin ruwa ba tare da tukunyar iska ba, saboda kumfan numfashi na rikita kyamarorin da ke ɗaukar motsinsu. Kamfanin Weta FX na ƙasar Niyu Zilan ya yi aiki a kan sassan fim ɗin fiye da 2,000 masu ɗauke da ruwa, aikin da ya kai ga kyautar Oscar a 2023.

Wannan kyau yana da tsadar da ba kullum masu yin sa ke iya ɗauka ba. An ɗauki fim ɗin Life of Pi na 2012 a wani tanki mai cin galan miliyan 1.7 a birnin Taichung na Taiwan, kamfanin Rhythm & Hues kuma ya ƙera damisar fim ɗin da babban ɓangare na tekunsa. A watan Fabrairun 2013 kamfanin ya shigar da takardar karayar arziki, ya sallami ma'aikata da dama. Kwanaki kaɗan bayan haka aikin ya lashe Oscar, yayin da ɗaruruwan 'yan sana'ar ke zanga-zanga a kusa da zauren bikin. Da jagoran aikin, Bill Westenhofer, ya fara ambaton halin da kamfanin ke ciki a jawabinsa na godiya, kiɗa ya danne muryarsa aka kashe makirufo.

Blender ta sauya wannan lissafi ga ƙananan masu sana'a. Ton Roosendaal, ɗan ƙasar Holan, shi ne ya ƙirƙiro ta, kuma bayan kamfaninsa ya durƙushe, masu amfani da ita suka tara Yuro 100,000 cikin mako bakwai a 2002 aka fanso ta, aka sake ta ga kowa. Abin da ya rage wa mai koyo a yau shi ne kwamfuta mai ƙarfi, da haƙuri, da wutar lantarkin da za ta tsaya har gashi ya ƙare.

Ruwan fim da ruwan injiniya

Wannan araha tana da wata fuskar. Bidiyon 3D ya zama ruwan dare wajen gabatar da manyan ayyuka: madatsa cike da ruwa mai sheƙi, magudana na kwashe ruwan sama cikin natsuwa, gada tsaye ƙyam a kan kogi. Hausawa na cewa gani ya kori ji, sai dai irin wannan gani shaida ce kawai ta ƙwarewar mai zane. Ruwan da ke cikin bidiyon ya bi magudanar ne saboda an umarce shi da ya bi.

Injiniyan ambaliya yana aiki da dangin ƙa'idojin da mai fim ke amfani da su, amma da wata manufa. Mafi yawan manhajojinsa sun dogara ne da sauƙaƙaƙƙen lissafin da Barré de Saint-Venant, wani injiniyan Faransa, ya wallafa a 1871 domin ruwan da faɗinsa ya fi zurfinsa nesa ba kusa ba, kamar kogi da fadama. Fitacciya daga cikinsu ita ce HEC-RAS, wadda sashen injiniyoyi na rundunar sojin Amurka ya fara fitarwa a 1995, kuma ita ma kyauta ce. Ba ta damu da feshi ko sheƙi ba. Abin da take nema shi ne ainihin ma'aunin tudu da kwarin ƙasa, siffar gindin kogi, yawan ruwan sama ko ruwan da aka sako daga madatsa, da kuma kaushin ƙasar da ruwan zai bi, domin gudunsa a kan siminti ya bambanta da gudunsa a gonar shinkafa. Bayan haka akan jarraba ta da ambaliyar da ta riga ta faru: idan ba ta iya maimaita abin da ma'aunan kogi suka rubuta a baya ba, ba a yarda da hasashenta na gaba.

Najeriya ta san muhimmancin wannan bambanci a jikinta. Ambaliyar 2022 ta hallaka fiye da mutum 600, ta raba kimanin miliyan 1.4 da muhallansu, kamar yadda alƙaluman gwamnati suka nuna. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri cikin dare. Kowace shekara hukumar NIHSA na fitar da hasashen ambaliya, kuma garuruwan da ke bakin Binuwai da Neja kan kasa kunne su ji ko za a sako ruwa daga madatsar Lagdo da ke Kamaru. Gwajin ɓallewar madatsa da Harlow da Welch suka yi a cikin akwati a 1965, a nan tambaya ce ta rai da dukiya.

Saboda haka jami'in da aka nuna wa ruwa a majigi yana da 'yan tambayoyin da za su raba masa zane da hasashe. Da wace manhaja aka yi shi, ta fim ko ta injiniya? Daga ina aka samo ma'aunin ƙasar, kuma a wace shekara aka auna? Ruwan sama na wane irin girma aka ɗauka, wanda ake gani duk shekara ko wanda kan zo sau ɗaya a shekara 100? An jarraba lissafin da wata ambaliya da ta taɓa faruwa a wurin? Wane injiniya ne ya sa hannu a sakamakon?

Amsar waɗannan tambayoyi ba ta cika zuwa da kyan gani ba. Yawanci taswira ce mai ɗauke da shuɗin launi kashi-kashi, da jadawalin lambobi a gefenta: unguwa kaza ruwa zai kai zurfin mita kaza, zai iso awa kaza bayan ɓallewar madatsa, hanya kaza ce za ta fara yankewa. Da wannan takarda ake sanin makarantar da za a mayar sansani, da unguwar da za a fara kwashewa kafin gari ya waye.